Salansa da intek ɗin Mustang ɗina, yadda aikin ya kaya

Motar Ford Mustang GT ce ta 2014, inji V8 lita 5.0 wanda suke ce wa Coyote, giya shida ta hannu. Ba da ita nake zuwa aiki ba, wannan akwai tsohuwar Camry da ke ɗaukar wahalarsa, ita Mustang ta Asabar da Lahadi ce kawai da kuma ranar da raina ya ɓaci. A Houston nake zaune, jihar Texas, kuma a hannu na saye ta wajen wani saurayi da ya riga ya taɓa ta, shi ya sa ma kuɗin ya sauko. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, don haka ban yi mamakin abun da na tarar ba. Ya yanke tukwanen salansa biyun da ke baya gaba ɗaya ya sa an yi masa waldar fayif miƙaƙƙe, sannan a gaba, wajen intek wato hanyar da inji ke shaƙar iska, ya cire akwatin iskar kamfani ya kafa wani ƙaton filta mai kai kaman mazurari a buɗe a cikin bonet, wutar cek-injin kuma a kunne, ya ce min wai ba komai ba ne sensa ce kawai.

Ƙarar ce ta fara damuna tun kafin wutar. Ba wai ba na son ƙara ba, wallahi duk wanda ya sayi V8 ya ce shiru yake nema ƙarya yake yi, amma ƙara iri-iri ce. Akwai gurnanin da ke fita ta baya lokacin da ka taka totur, wannan shi ake biya wa kuɗi, akwai kuma wani ƙugi da ke taruwa a cikin motar lokacin da kake tafiya sannu a kan babbar hanya ba ka taka komai ba, masu harkar nan duron suke ce masa. A kan I-10 in na sa giya ta shida ina tafiyar mil 70 a awa injin yana juyi wajen 1,850 a minti, to daidai nan abun ke tashi, zuuuu ba tsayawa, kaman an ajiye ka a gefen injin markaɗe an hana ka tashi, madubi na rawa, kai na sarawa, ba ka jin wanda ke gefenka. Uwargida sau ɗaya ta shiga muka nufi Galveston, kafin mu kai rabi ta ce Abban yara don girman Allah in dai wannan ce motar hutun naka to a bar ni da Camry. Ga kuma matsalar asuba, domin injin in ya yi sanyi aka tada shi kwamfutar tana ɗaga juyinsa ta kuma jinkirta wutar fulogi da gangan don katalis, abun tace hayaƙi da ke jikin salansa, ya yi saurin zafi, wannan ɗan lokacin shi ne mafi ƙara a duk rayuwar motar, ka yi tunanin haka ba tukunya ko ɗaya a unguwar da kowa ke barci kai kuma masallaci za ka.

Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi da ke da gareji a kudu maso yammacin gari, ya daɗe a ƙasar nan, Baba muke ce masa dukanmu, shi ya ba ni aron lif ɗinsa a ranakun da ba aiki. Da ya ɗaga motar ya leƙa ƙasa ya ga waldar sai ya girgiza kai ya ce ɗana wanda ya yi wannan ba mai walda ba ne mai ɗinki ne. Abu na farko da ya duba kuwa katalis ne, wanda makanikan gida ke kira indomi, ya ƙwanƙwasa ya ce Alhamdulillahi suna nan duka biyu. Ba ƙaramin abu ba ne a Houston, don a 2021 da 2022 satar katalis ta yi ƙamari sosai saboda filatinom da faladiyom da rodiyom da ke ciki, har jihar ta tsananta hukunci a 2023, kuma mota irin wannan in aka ce babu su to kuɗin mayarwa kaɗai ya isa ya kashe maka sha'awa.

Bari in faɗi yadda salansar wannan motar take daga gaba zuwa baya don wanda bai taɓa kwanciya ƙarƙashinta ba. Kowane gefe na injin silinda huɗu ne, suna fitar da hayaƙi cikin manifol, ƙarfen da ke tara hayaƙinsu wuri ɗaya, daga nan ya shiga katalis, gefe ɗaya katalis ɗaya, akwai sensar oksijin kafinsa da bayansa. Daga nan fayif biyun su haɗu da ɗan guntun fayif a tsakani su yi siffar H, faɗinsu inci 2.75, sai su wuce su hau saman aksil na baya don wannan ƙirar har 2014 aksil guda ne miƙaƙƙe, sai 2015 Ford ta canza, a wannan fayif ɗin akwai 'yan ƙananan tukwanen rage ƙugi da ake ce wa rizoneta, sai a ƙarshe tukwane biyu dab da bamba. In ka ji an ce aksil-bak tukwanen kawai ake nufi da bakinsu, kat-bak kuma komai daga bayan katalis. Heda shi ne canza manifol ɗin kansa, wannan wani babi ne daban zan zo kansa.

Ban fara da sayen komai ba, sikana mai karanta kwamfutar mota na fara jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Kod biyu suka fito, P0171 da P0174, ma'ana gefe biyun injin duka suna samun iska fiye da man da ake ba su. Da na duba lambobin gyaran da kwamfuta ke yi sai na ga tana ta ƙara mai tana ƙarawa don ta cike giɓi har ta gaji ta kunna wuta. Dalilin kuwa a fili yake da ka gane yadda sensar MAF mai auna iskar da inji ke shaƙa ke aiki, ita ba ta auna duk iskar da ke wucewa, ɗan ɓangaren da ya taɓa ta take ji, kwamfuta kuma ta riga ta haddace faɗin bututun kamfani sai ta lissafa sauran. To yaron nan ya sa bututu mai faɗi fiye da na kamfani, iska iri ɗaya amma tana wucewa a hankali, sensa ta ce iska kaɗan ce, kwamfuta ta ba da mai kaɗan. A tafiyar gari sensar oksijin na ceton lamarin, wannan injin ma nasa na gaba masu faɗin awo ne suna gyara har a cikakken totur, amma ba a son inji mai matsi 11 da 1 ya dogara da ceto kullum. Ƙari a kan haka filtan irin mai mai ne kuma ya labta masa man da yawa, da na zare sensar sai ga ta da danƙo, na fesa mata abun wanke MAF na bar ta ta bushe, kada wani ya sa tsumma ko buroshi a nan, wayar da ke ciki ba ta jure taɓawa.

Sai na yi abun da abokaina suka yi ta min dariya a kai, na je inda ake sayar da kayan motocin da suka yi haɗari na sayo akwatin iskar kamfani da bututunsa na mayar. Suna cewa kowa na gaba kai kana baya. Ni dai abun da nake so shi ne in san asalin motar kafin in ƙara mata wani abu, in ba haka ba da me zan gwada? Da na mayar na goge kod, wuta ba ta dawo ba, gyaran man ya sauko kusa da sifili, kuma abun mamaki motar ta fi amsa totur a cikin gari. Na bar sikana tana nuna min zafin iskar da injin ke shaƙa, a nan na ga bambancin da ido. Da filta a buɗe in na tsaya a danja da rana a watan Agusta, waje ana 36 ko 37, iskar da ke shiga tana haura hamsin da wani abu don daga cikin bonet take sha kusa da lagireto. Da akwatin kamfani ma tana hawa in an tsaya amma ba haka ba, kuma da an motsa take saukowa, saboda shi ta bayan giril ɗin gaba yake jawo iska. Wato akwatin da ake cirewa a jefar don a sa wai intek na iska mai sanyi, shi kansa na iska mai sanyi ne. Iska mai zafi ba ta da nauyi, oksijin ɗinta kaɗan ne, kuma kwamfuta in ta ga zafi ya yi yawa tana janye wutar fulogi don kada injin ya yi ƙwanƙwasa, ka yi asara ta fuska biyu kenan.

Wani abu da ya shafi garin nan musamman, akwai intek na wasu motocin da ke saukar da filta can ƙasa bayan bamba don neman sanyi. A Houston kam ban ba kowa shawara ba. Wanda ya ga guguwar Harvey a watan Agustan 2017 ya sani, ba ma sai guguwa ba, ruwan awa biyu ya isa ya cika ƙarƙashin gada, inji kuma in ya shaƙi ruwa fistin ba ya iya matse shi, sandar fistin ce ke lanƙwashewa.

Na koma baya wajen tukwane, a nan na fi ɓata lokaci. Tukunya iri biyu ce a takaice, akwai mai ɗakuna a ciki da hayaki ke zagayawa yana karo da bango, irin wadda Flowmaster suka yi suna da ita, sautinta mai kauri na tsofaffin motocin shekarun 1960 da 1970, akwai kuma miƙaƙƙiya mai fayif mai huji-huji da aka naɗe da abun tsotse sauti, irin ta MagnaFlow da Borla. Corsa kuma nasu salon daban, suna sa wasu hanyoyi a ciki da ke mayar da sautin ya kashe ɗan'uwansa. Bidiyon intanet ba ya taimakawa ko kaɗan, makirufon waya ba ya ɗaukar ƙasan sauti, duk motoci iri ɗaya suke fita. Abun da na yi shi ne zuwa taron masu motoci na safiyar Asabar, in na ga mai irin tawa in roƙe shi ya tada, wasu ma suka zaga da ni kan hanya, kuma tambayata ɗaya ce ga kowa, a mil 70 a giya ta shida yaya take? Yawanci sai ka ga mutum ya yi dariya ya ce ai ina ƙara rediyo, to ka san amsa.

Shi duron lissafi ne ba tsafi ba. V8 yana tashi sau huɗu a kowane juyi, a juyi 1,850 a minti ka samu bugu wajen 123 a daƙiƙa, wannan sautin ƙasa ne sosai kuma tsawonsa ya yi daidai da abun da cikin mota da but ke amsawa, sai ya taru ya ninka. Baba ya kawo shawarar a bar fayif ɗin yadda yake a yi waldar wani reshe toshasshe a gefe mai siffar J, tsawonsa rubu'in tsawon sautin, a lissafinmu wajen santimita 80 da 'yan kai, sauti ya shiga ya dawo a juye ya kashe na asali. Dabarar tana aiki, ana yin ta, amma juyi ɗaya take kamawa kuma ƙarar asuba tana nan, ga shi ƙarƙashin bayan motar ba wuri, ga tankin mai ga aksil ga sandar da ke riƙe shi. Na ce Baba a yi haƙuri tukunya zan saya. Na zaɓi mai matsakaicin ƙara, ba wadda ta fi kowa ihu a jerin kamfanin ba, ƙarfe mara tsatsa lamba 304, don 409 ya fi araha amma yana yin ja da tsatsar sama kuma garin nan laima gare shi ga iskar teku. Kuɗin irin waɗannan lokacin da na duba daga dala 500 ne zuwa sama da 1,000.

Da a ce motar ba a taɓa ta ba aikin awa ɗaya ne, soket 13 da 15, ka kwance kilam, ka kwance ƙarfen da ke riƙe robar rataya, ka zare tsohuwa ka sa sabuwa. Amma tunda an yi walda a kan mahaɗar, fayif ɗin saman aksil sun lalace, sai da na nemo na kamfani masu rizoneta su ma a hannu, kuma shigar da su sai an bar aksil ya sauka ya rataya sannan a murɗa su a hankali su wuce. Robobin rataya ruwan sabulu ke sa su zamewa, kada a sa baƙin mai yana cin roba. Notin da suka yi shekara goma cikin zafi da ruwa kuwa tun daren jiya ake fesa musu mai kwance tsatsa, duk da haka ɗaya ya karye mana sai da muka canza kilam ɗin. Abun da Baba ya nace a kai shi ne kada a ɗaure komai tamau sai an jera duka, a sa kowane kilam sako-sako, mutum ɗaya ya tsaya a baya yana kallon bakin fayif biyun a cikin ramin bamba yana cewa ɗaga hagu, shigar da dama, sannan a ɗaure daga gaba zuwa baya. A bar tazarar yatsa tsakanin baki da bamba don ƙarfe na miƙewa in ya yi zafi, in ya taɓa roba zai narkar da ita. Bayan an tada ya sa na riƙe tsumma a bakin fayif na ɗan lokaci shi kuma yana bin mahaɗa da hannu daga nesa yana neman inda iska ke tsiyaya, bayan kwana kaɗan na dawo muka sake ɗaure su don suna saki bayan zafi da sanyi na farko.

Ranar da na fita da ita kan Beltway 8 na sa giya ta shida sai na ji shiru, ba shiru na Camry ba, gurnanin na can baya a inda ya kamata, da na sauke zuwa ta uku na taka sai ya buɗe. Kwanakin farko akwai wari da ɗan hayaƙi, man da ke jikin sabon ƙarfe ne ke ƙonewa, kuma sautin ya ƙara kauri bayan 'yan makonni. Amma maganar ƙarfi, gaskiya ban ji ƙarin komai ba kuma ban sa ran ji ba. A kwali za ka ga an rubuta ƙarin ƙarfin doki kaza, a wannan motar tukwanen baya kunne suke yi wa aiki, na kamfanin ma ba su shaƙe ta ba.

A nan muka yi musu da Baba mai daɗi. Shi yana kan tsohuwar magana cewa inji na son a ɗan riƙe masa numfashi, in ka buɗe salansa da yawa ƙarfin ƙasa zai gudu. Na ce Baba abun da ka gani gaskiya ne amma dalilin ba shi ba ne, inji ba ya son toshiya ko kaɗan, gudun hayaƙin yake so. Kowane bugu da ya fita da sauri yana barin ɗan gurbi a bayansa da ke jawo hayaƙin silinda na gaba, in fayif ya yi faɗi fiye da kima hayaƙi ya yi sanyi ya rage gudu sai wannan jan ya ɓace a ƙaramin juyi. Ya ce to ai duk ɗaya ne, kai ka yi boko ni na yi shekara talatin a ƙarƙashin mota, amsar dai kada ka sa inci uku a injin da ba ka ƙara wa komai ba. A nan kam mun yarda da juna. Maganar haɗin tsakiya mai siffar H da mai siffar X ma daga nan ta taso, injin nan kuranshaf ɗinsa irin na giciye ne, kowane gefe bugunsa ba a jere daidai yake ba, shi ke ba V8 na Amurka wannan gurnani mai tangal-tangal, saɓanin Mustang GT350 mai lita 5.2 da tasa ke a shimfiɗe take kuka sama kaman ta tsere. Haɗin tsakiya yana daidaita gefe biyun, X ya fi cakuɗa su sai sauti ya yi kaifi ya hau sama da ɗan ƙarin ƙarfi kaɗan a babban juyi, H kuma ya bar shi da kauri. Na ji motoci masu X da yawa, suna da daɗi a juyi dubu shida, amma a cikin gari akwai wani tsatsa-tsatsa a muryarsu da ba na so. Na bar H ɗina.

Sannan na dawo gaba. Wannan karon intek mai rufaffen akwati na saya wanda ke amfani da hanyar iskar kamfani ta bayan giril, bututunsa mai faɗi, filta busasshe ba na mai ba, kuma a rubuce yake cewa sai da tiyun, wato sake saitin kwamfutar inji. Sakawa ba wuya, sukundireba da soket ƙanana, ka mayar da sensar MAF kibiyarta na kallon inji, ka jona tiyon numfashin inji, ka tabbata ba inda iska ke shiga bayan sensa. Akwai wani bututu da Ford ta sa daga intek zuwa bangon da ke gaban direba, aikinsa kawai ya kawo sautin shaƙar inji cikin mota, na cire shi na toshe ramin da roba, bonet ya yi fili. Ban tada motar ba sai da na loda tiyun, na'urar hannu ce ake jonawa inda sikana ke shiga, tana ajiye saitin kamfani a cikinta kafin ta rubuta sabo, a kashe AC da rediyo da fitila, batir ya kasance cike, kuma kada a taɓa waya sai ta gama don in ta yanke a tsakiya kwamfutar mota na iya sumewa. Mai tiyun ɗin ba a garin yake ba, ya turo fayil na farko ya ce in ɗauko masa bayanai, tsayuwa a sulo, tafiya a hankali, sai ja ɗaya a giya ta uku, wannan a kan daino, na'urar auna ƙarfin mota a tsaye, na yi shi ba a titi ba, na tura masa ya duba awon mai da sensar ƙwanƙwasa ya gyara ya dawo da shi.

To a nan ne motar ta canza. Kamfani ya ce doki 420 a inji da mai mai kyau, a taya irin waɗannan kan nuna wajen 360 zuwa 375 don giya da aksil na cin nasu, tawa tana cikin wannan layin da akwatin kamfani, bayan intek da tiyun na fetur mai lambar oktan 93 ta ƙara ashirin da ɗan wani abu. Kuma ina da yaƙinin mafi yawan wannan daga tiyun ya zo ba daga roba da filta ba, daga wutar fulogi da lokacin buɗe bawul, don Coyote kamshaf huɗun duka kwamfuta na iya juya su. Abun da ya fi lambar daɗi shi ne totur, wannan ɗan jinkirin tsakanin ƙafarka da inji ya tafi. Farashinsa kuma shi ne yanzu ba ni da ikon zuba 87, ko ina sai 93, in zan yi tafiya mai nisa yamma inda 91 ne ƙarshe sai na loda wani fayil.

An yi ta zuga ni in sa manifol ɗin iska na Boss 302, wanda ya zo a motar 2012 da 2013 mai doki 444 da ke juyi har 7,500. Yana da kyau a ido ba ƙarya, amma hanyoyinsa gajeru ne, yana ba ka a sama ya karɓe a ƙasa da tsakiya, ni kuma rabin rayuwar motata tsakanin juyi dubu biyu da dubu huɗu take. Ban saya ba.

Heda dogaye su ne inda sauran ƙarfin salansa yake da gaske, kowa ya sani, kuma su ne na bari. Aikin kansa wahala ne, sai an ɗaga inji an cire sitata an kwance sandar sitiyari, amma ba wannan ya hana ni ba. Dogayen heda suna cinye wurin da katalis na kamfani yake, sai dai a cire ko a sa wasu ƙanana can baya, kuma dokar tarayya ta tsabtar iska ta hana taɓa su a motar da ke hawa titi, ko da kai ne mai motar. Texas ta daina binciken lafiyar mota na shekara-shekara ga motocin gida daga 1 ga Janairun 2025, mutane da yawa suka ɗauka shi ke nan an huta, amma gwajin hayaƙi yana nan a wasu ƙananan hukumomi kuma Harris inda Houston take tana ciki, motar fetur mai shekara 2 zuwa 24 sai an jona ta da kwamfuta kafin a sabunta rajista. In katalis bai yi aikinsa ba P0420 da P0430 za su fito, in kuma aka kashe sensar baya a tiyun to gwajin cikin motar ba zai taɓa nuna ya kammala ba. Na faɗa wa mai tiyun tun farko kada ya kashe min komai.

Ko da haka sai da na yi ɗan jira, don duk lokacin da aka loda fayil ko aka cire batir waɗannan gwaje-gwajen na cikin kwamfuta suna komawa sifili, kuma motar 2001 zuwa sama guda ɗaya kawai ake yafe mata in bai shirya ba. Sai ka tada ta da sanyi, ka yi tafiyar gari mai tsaye-tsaye, ka hau babbar hanya ka riƙe gudu ɗaya na wani lokaci, ka saki totur ta gangara da kanta, tanki kuma kada ya cika kada ya yi ƙasa. Na katalis da na oksijin suka shirya da wuri, na tururin tanki ne ya ƙi, da shi a haka na kai ta tunda ɗaya ne, aka jona aka ba ni takarda. Akwatin kamfanin da na sayo a hannu yana nan a gareji a kan shelf tare da sensar da na wanke, na'urar tiyun kuma a cikin aljihun dashbod take da saitin asali a ciki, don in zan sayar ko wani aiki ya kai ni wajen dila minti ashirin ya isa in mayar da gaban yadda yake.